Fata 12 da kamara ɗaya: yadda muka haɗa gajeren fim a wata majema ta Damagaram

Sharaɗin da malaminmu ya gindaya bai da tsawo. Fim na gaskiya ake so, ba wasan kwaikwayo ba, kada ya wuce minti 10, a kan wata sana'a da ake yi a cikin Damagaram, a miƙa shi cikin mako shida da fassarar Faransanci a ƙasan hoto. Mu huɗu ne a rukuninmu, muka raba aiki tun ranar farko: mai kamara, mai sauti, mai yin tambaya wanda shi ke jan ragamar fim ɗin, sai mai littafi, wanda ke rubuta duk abin da aka ɗauka da ranarsa da lokacinsa, ya kuma kula da batura da katunan ajiya. Wannan aiki na huɗu kowa ƙinsa yake yi, alhali shi ne ya cece mu a ƙarshe.

Jima muka zaɓa. Kowa ya san aikin dukawan garin nan, jakunkuna da takalma da matasan fata da ake shimfiɗawa a kasuwar Dole ranar Alhamis, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa a bakin ramin da ɗanyar fata ke zama kirgi. Abin da ba mu gane ba sai da muka shiga shi ne, sana'a irin wannan tana da agogonta. Fata ba ta san ranar miƙa aiki ba. In ba ka tsara ɗaukarka a kan kwanakinta ba, za ka tashi da tarin hotuna masu kyau waɗanda ba su haɗu suka zama labari ba.

Makon farko ko kamara ba mu ɗauka ba. Mun karɓi takarda daga makaranta mai bayyana ko mu su wane ne, muka fara gaida mai unguwa, shi ya haɗa mu da yaron da ya kai mu wurin dattijon da majeman ke jin maganarsa. Goro muka riƙa a hannu, muka zauna a tabarma, muka faɗi abin da ya kawo mu ba tare da ƙari ba: aikin makaranta ne, ba na wata ƙungiya ba ne, babu tallafin da zai biyo bayansa. Wannan magana a faɗe ta tun farko kuma a fili. Mutane sun saba ganin kamara tana zuwa tare da masu rabon kaya, in ka bar su da wannan zato to ka ci amana tun ba ka kunna komai ba. Sau uku muka koma muna kallo kawai, mai littafi yana rubuta matakan aikin da tsawon kowanne da lokacin da ake yinsa.

Daga wannan kallo muka yanke shawarar da ta riƙe fim ɗin gaba ɗaya. A majema fatu da yawa ne ke tafiya lokaci guda, wasu a ruwan toka, wasu a bagaruwa, wasu a kan igiya. Da mun so, da yini biyu sun ishe mu ɗaukar kowane mataki a kan fata daban, mu jera su kamar abu ɗaya ne. Mai kallo daga nesa ba zai gane ba, amma duk ɗan majema zai gane, kuma ba gaskiya ba ce. Sai muka haɗa kuɗi muka sayi fatun awaki 12, muka yi ciniki da majemin a kan ladan jimarsu kamar yadda kowane mai kaya ke yi, aka huda kowace a gefen wuya aka ɗaura mata shuɗin zare. Su muka bi daga farko har ƙarshe, kuma mun rubuta a ƙarshen fim cewa mu muka saye su. Wanda zai yi irin wannan aiki ya duba kalanda tukuna: bayan Babbar Salla fatun layya sukan cika wurin, hoto ya yi armashi, amma majemi ba ya samun sararin zama ya yi maka bayani.

Ga yadda fatun namu suka tafi. An jiƙa su a ruwa su yi laushi a wanke jini da gishiri. An tura su cikin ruwan toka, suka kwana uku har gashi ya saki. An ɗora kowace a kan gungume an kankare gashin da wuƙa, aka juya aka kankare ragowar tsoka. Sun kwana a ruwan da aka dama kashin tantabara, wanda ke kashe kaifin toka ya saki jikin fata. Daga nan sai bagaruwa, wadda ake daka kwansonta a turmi a jiƙa, ita ce ainihin jimar, ita ke hana fata ruɓewa ta kuma ba ta launin ƙasa-ƙasa. Sai shafa mai, shanya a inuwa, murzawa da ja har ta yi taushi, a ƙarshe aka rina shida da karan dafi suka yi jawur. Kwana 13 abin ya ɗauka, mun je da kamara a kwana tara daga ciki. Kada wani ya riƙe wannan lissafi kamar doka, domin zafi yana gaggauta ruwan toka, sanyin hunturu yana jinkirta shi, majemi kuma da yatsa yake gwadawa, ba da kalanda ba.

A nan muka yi babban kuskurenmu. An ce mana za a cire gashi "da safe". Muka iso ƙarfe takwas, muka tarar an gama goma, saura biyu. Safiyar majemi daga sallame sallar asuba take farawa, don ya gama aikin ƙarfi kafin rana ta ɗaga. Da fatu biyun nan muka ɗauki duk abin da ke cikin fim na wannan mataki, shi ya sa hoton nesa ɗaya tak muke da shi. Tun daga ranar, in an faɗi lokaci sai mu tambaya, kafin wace salla ko bayan wace salla, mu kuma riga kowa zuwa.

Kamarar aro ce, irin mai ɗaukar hoto da bidiyo, da gilashi ɗaya mai zuƙowa da ƙafa uku. Mun saita ta a kan girman hoto 1080, hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawa 1/50. Dalilin 25 shi ne wutar lantarkin Nijar 50 take bugawa a daƙiƙa. In ka bar kamara ko waya a kan 30, kamar yadda yawancinsu ke zuwa daga kamfani, duk hoton da ka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki zai iya fitowa yana rawa da wasu layuka masu hawa da sauka, kuma gyaransa daga baya wahala ce. Da 1/50 a ranar Damagaram haske yakan yi yawa har hoto ya ƙone, don haka gilashin rage haske da ake kira ND ba ado ba ne, dole ne. Daidaita fari kuwa da hannu muke yi kowace safiya da farar takarda, ko mu kafe shi a 5600 a ma'aunin launin haske in a fili muke. Ranar rini muka ga amfanin haka: da aka gwada barin kamara ta zaɓa da kanta, jar fata na cika hoto sai ta ɗauka kuskure ne, ta ƙara shuɗi, jan karan dafi ya koma kamar ruwan zoɓo da aka tsinka.

Lokacin ɗauka daga fitowar rana ne zuwa wajen tara da rabi, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa takan taru a kwarmin ido, fuska ta yi duhu, farar riga ta yi ta ƙyalli. A auna haske da fuska, rigar ta ƙone in ta ga dama. Inuwar dogon yaro tana da daɗin zama amma tana yaudara, saboda ɗigon hasken da ke ratsa ganye yana yawo a fuskar mai magana duk lokacin da iska ta kaɗa, in ka yanka magana sai wurin yankan ya fito fili. Inuwar bango ko ta rumfa mai kauri ta fi, a tsayar da mutum ɗaya da farin ƙyalle yana maido haske daga gefe. Kamarar ta taɓa kashe kanta saboda zafi bayan kusan minti 25 a rana, daga nan muka riƙa yi mata lema muna buɗe allonta nesa da jikinta. Ba mu taɓa cire gilashi a fili ba saboda ƙura. Ruwan toka kuwa yana ci, fantsalinsa kaɗan ya isa ya bar tabo, sai muka ɗaura gilashin kariya mai araha a gaba, muna wanke ƙafafun kamara duk yamma.

Kowane motsi sau uku muke ɗaukarsa, daga nesa a ga wurin, daga tsakiya a ga mutum da aikinsa, daga kusa a ga hannu da wuƙa. Kowace ɗauka a ƙirga goma a zuci kafin a tsayar, ko da kana ganin ka samu. A bar hannu ya shigo hoto ya fita da kansa, nan ne wurin yanka. Kuma a tsaya gefe ɗaya na gungumen. In ka ɗauki rabi daga dama ka zagaya ka ɗauki rabi daga hagu, wuƙar da ke tafiya gabas za ta koma yamma a tsakiyar aiki, mai kallo ya rikice bai san dalili ba.

Sauti shi ne inda fina-finan ɗalibai suka fi mutuwa, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, ba zai haƙura da maganar da ba ya ji ba. Makirfon jikin kamara na shaida ne kawai. Mun yi aiki da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, an zura wayarsa ta cikin riga zuwa na'urar naɗa sauti a aljihu. Wayar hannu ma tana yin wannan aiki in an kashe layinta. Saiti 48 kHz, murya tana kaiwa wajen -12 a ma'aunin ƙarfin sauti in an ɗaga ta, don a bar wa dariya da tari wuri. Soson da ke zuwa da makirfo ba ya tare iskar hunturu, sai an sa masa hular gashi, in babu a ɗinka da guntun ƙyalle mai gashi-gashi. Farkon kowace ɗauka mutum ɗaya ya tafa sau ɗaya a gaban kamara, da wannan tafi ake haɗa sauti da hoto a kwamfuta. Mai sauti kuwa kada ya cire abin saurare daga kunnensa ko na daƙiƙa ɗaya, domin kunnen mutum yana tace hayaniya, makirfo ba ya tacewa.

Abin da kunne ya tace mana a majema, makirfo ya kwaso, ƙuda ne. Sukan sauka a kan hular makirfo, ƙugin fiffikensu ya fito kamar babur a cikin ɗaki. Hira ɗaya ta minti 12 haka ta lalace. Maganinsa shi ne a yi hira nesa da ramuka, ta inda iska ke fitowa, a kuma ɓoye makirfon a ƙarƙashin shafi ɗaya na riga. Sauran abokan gaba sanannu ne: injin niƙa na maƙwabta, wanda muka koyi lokacin tashinsa muka kauce masa, kabu-kabu da ke wucewa, wanda sai dai a dakata a roƙi a maimaita jimlar, da rediyon da ke rataye a reshe. Rediyo a roƙa a kashe shi da ladabi, don in waƙa na tafiya a bayan magana, duk inda ka yanka sai waƙar ta yi tsalle. In an kira salla a tsaya cak, a kashe komai. Kafin a tashi daga kowane wuri kuma a naɗi shirun wurin na minti ɗaya, kowa ya yi tsit, da shi ake cike ramukan da yanka ke bari. Mun kuma ware yamma guda muka naɗi ƙarar aiki ita kaɗai daga kusa: kartar wuƙa, lugude a turmin bagaruwa, fata tana faɗawa ruwa.

Akwai wata wahala da littattafan koyon fim ba su san da ita ba. Bahaushe ba ya barin babba yana magana shi kaɗai, sai ya riƙa tara masa da "to", "na'am", "haka ne, Baba". A zaure ladabi ne, a fim kuwa muryarka ce ke hawa kan tasa, ba ta kuma ciruwa. Yin shiru a gaban dattijo yana kama da raini, don haka kafin a kunna sai mai tambaya ya ce, "Baba, in kun ga na yi shiru ina gyaɗa kai, ba rashin kunya ba ne, na'urar ce ba ta son murya biyu." Dattijon ya ce, "To ɗana, Allah ya ba da sa'a," aka wuce wurin. Tambaya kuma kada ta zama mai amsar i ko a'a. "Aikin nan da wuya?" ba ta haifar da komai. "Yaya kuke gane fata ta ƙoshi da bagaruwa?" ita ce ta sa ya ɗauki wuƙa ya yanki bakin fata, ya nuna mana cewa in tsakiyar kaurin da sauran fari to ba ta nuna ba, sai launin ya ratsa ta gaba ɗaya. Wannan daƙiƙa 40 ita ce zuciyar fim ɗin, kuma ba ta cikin takardar tambayoyinmu.

Izini a gaban kamara muke karɓarsa, da bakin mutum, bayan an gaya masa inda za a nuna: a aji daban, a intanet daban, don wani ya yarda da na farko bai yarda da na biyu ba. Matar da ke dakan bagaruwa ta ce a ɗauki hannunta da muryarta ban da fuska, haka aka yi, ba mu kuma nemi lallashinta ba. Yaran da ke kai-kawo ba mu sa fuskar ko ɗaya ba sai wanda mahaifinsa ke wurin ya amince.

Lissafin ajiya a yi shi tun a gida. Kamararmu tana rubuta megabit 50 a daƙiƙa, wato wajen giga 22 a awa, katin giga 64 bai cika awa uku ba. Mun tashi da awa shida da minti 40, kusan giga 150. Kowane dare ana kwafe kati a faifai biyu, a buɗe fayil uku ko huɗu a tabbatar suna tafiya, sannan a goge kati, faifan kuma ba sa kwana gida ɗaya. Sunan kowace jakar fayil kwanan wata ne da matakin aiki. Fayil ɗaya muka rasa, ranar da batir ya mutu ana cikin ɗauka. Irin wannan fayil sai an tsayar da ɗauka kamara ke rubuta bayanin da ake buɗe shi da shi, in wuta ta yanke kafin nan sai ka ga nauyinsa yana nan amma ya ƙi buɗuwa. Saboda haka batir na nuna saura layi ɗaya a canza shi, kuma da yake wuta na iya ɗaukewa da dare, da an dawo gida a fara sa caji kafin a nemi abinci.

Haɗawa a takarda muka fara ta. Hirarrakin minti 70 ne, muka rubuta su kalma da kalma da lokacin kowace magana, aikin yini biyu cur. Muka yayyanka takardun da almakashi muka jera a tabarma har labarin ya tsaya da ƙafarsa, sannan muka kunna kwamfuta. Manhajar haɗa fim ta DaVinci Resolve kyauta ce amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, tamu ta riƙa sarƙewa, muka koma Kdenlive muka sa ya yi ƙananan kwafi marasa nauyi da ake aiki da su, sai wajen fitarwa ya koma kan na asali. Haɗin farko minti 23 ya yi, na biyu 14, na ƙarshe tara da daƙiƙa 20.

Abin da ya fi mana ciwon cirewa tarihi ne. Mun shirya minti uku a kan tsohuwar unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, da zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19 lokacin da ayari ke ɗaukar fatu da gashin jimina su ratsa Sahara zuwa Tarabulus, da yadda garin ya riƙe babban birnin mulkin mallaka har 1926 da aka mayar Yamai. Duk gaskiya ne, amma da zarar an bar fatun nan 12 sai fim ɗin ya saki hannun mai kallo. Muka cire duka. Ba mu sa muryar mai sharhi ba, domin majemin ya fi mu iya faɗin aikinsa, ba mu kuma sa kiɗa ba, luguden turmi ya wadatar. Dabara ɗaya da ta gyara tafiyar fim ɗin ita ce shigo da sautin mataki na gaba kamar daƙiƙa ɗaya kafin hotonsa, a ji kartar wuƙa tun ana kallon ruwan toka.

Fassara kada ta wuce layi biyu, kowane layi kada ya haura harafi 40, ta zauna tsakanin daƙiƙa ɗaya da shida. Bagaruwa da karan dafi mun bar su da Hausa, muka yi musu bayani sau ɗaya a farkon fitowarsu. Sunayen ƙarshen fim sun fara fitowa da akwatuna a gurbin ƙ da ɗ da ƴ, saboda salon rubutun da muka zaɓa bai da haruffa masu lanƙwasa, muka koma Noto Sans, fayil ɗin fassara kuma aka adana shi a UTF-8. Mun fitar da babban kwafi a tsarin bidiyo na H.264, megabit 12, ya ba da wajen mega 840, da ƙarami na 720 mai mega 140 don waya. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi hoton ya dagule. A kuma saurare shi a lasifikar waya mai araha, don a nan yawancin mutane za su ji shi.

Kwana uku kafin miƙawa muka kai fim ɗin majema bayan la'asar, muka ɗora kwamfuta a kan turmin da aka kifa, mutum kamar goma suka kewaye ta. A minti na shida dattijon ya ɗaga hannu ya ce a mayar baya. Hoton da muka sa na matse fata bayan bagaruwa, in ji shi, fatar ba ta ga bagaruwa ba tukuna, ga ta nan fara sol, na ranar kashin tantabara ne. Mai littafi ya buɗe shafinsa, ya tarar haka ne, hoton na kwana na shida ne muka ɗauko saboda haskensa ya fi kyau. A jakar kwana na goma akwai wani mai daƙiƙa 11, ɗan duhu kaɗan, fatar ta yi launin ƙasa har cikin kaurinta. Shi muka sa a daren, muka ɗan ɗaga haskensa, muka sake fitar da kwafi biyun.